Ranar da na bar boila a kunne

Na yi shekaru ina kula da boila a wani babban kamfanin casar shinkafa da ke bakin titi, tsakanin Kura da Bunkure. Boila ita ce ƙatuwar tukunyar ƙarfen da ke ba da tururin da ake turara shanshera kafin a casa. Ɓuntu muke ɗura mata ta ci wuta, ni kuma in wuni a gefenta ina duban agogon da ke nuna ƙarfin tururi. A wani rani, lokacin da motocin shanshera suka yi layi har bakin kwalta, tukunyar ta canja murya.

Bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa ne ya fara maƙalewa. Sai allurar agogo ta yi ta hawa, in ji ƙarfen yana gunji har cikin tafin ƙafata, can sai bawul ɗin ya ɓalle da ƙara kamar an yage sabon yadi. Ga kuma ruwa ya fara tsattsafowa a wurin wata tsohuwar walda, ta ɓangaren katanga. Bayan katangar nan tsibin ɓuntu ne, inda matan ƙauye suke wuni suna sheƙa don su tsinci tsakin shinkafa. Cikinsu har da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda da wannan tsakin take tuƙa wa jikokinta tuwo. Ina jiyo hirarsu ta saman katanga, allura kuma na hawa. Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Manajanmu ba mugu ba ne. Da ma mugun ne, da na san inda zan ajiye shi. A birni yake kwana, sai hantsi ya dubi ludayi yake isowa, ya shige ofis ya ja ƙofa kada sanyi ya fita. Na same shi na zayyana masa komai. Idonsa na kan waya ya ce ya ji, zai tura sama. Wannan saman har yau ban san inda take ba, wasu su ce Legas, wasu su ce ƙasar waje. Da na sake komawa, sai ya tambaye ni a wane sashe ma nake, ni da ya tarar a wurin. Injiniyan da ke zagaya masana'antun kamfanin kuwa cewa ya yi in ɗauko masa bidiyon tukunyar a waya. Na ɗauka har da ƙarar na tura, ya maido mini da hoton babban yatsa. Ko a jikinsu, an tsikari kakkausa.

Muna da wata al'ada idan manya za su zo daga sama. A wanke daɓe, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a raba mana sabbin hulunan kwano waɗanda za a karɓe da zarar motocinsu sun fita. Sannan a kashe boila tun jajibiri, don kada ƙara da hayaƙi su dami baƙi. Sai da aka sanar da wata ziyarar na lura da abin da wannan ke nufi. Ashe a cikin masu ikon cewa a gyara tukunyar nan, babu wanda ya taɓa jin ta tana aiki.

Na yanke shawarar barin ta a kunne. Ba jarumta ba ce, gaba kura ne baya sayaki. Kullum da safe samari cike suke a bakin get suna jiran a kori wani su maye gurbinsa, kuma na san haka sarai.

Bayan azahar suka iso sashena, da fararen huluna da takalma masu ƙyalli. Manaja na hango hayaƙi ya zare mini ido. Allurar ta riga ta fara hawa. Duk addu'ar da ta zo mini ja nake yi, ina roƙon Allah tukunyar ta yi ƙarar da za su ji amma kada ta fashe. Bawul ya maƙale, daɓe ya ɗauki rawa, sannan bawul ɗin ya saki. Wata mata a cikinsu ta toshe kunne ta ja da baya. Manaja ya tambayi wanda ya ce a kunna ta yau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka take yi kullum. Kuma akwai mata a bayan katangar nan."

Babbansu, wanda tun shigowarsa waya ke manne a kunnensa, ya sauke ta. Na ce a raina yau dai an ji. Ya juya ya tambayi manaja da Turanci ko matan ma'aikatan kamfani ne. Manaja ya ce a'a. Mutumin ya gyaɗa kai, ya mayar da waya kunne, suka wuce sito ɗaukar hoto a gaban buhuna.

Da yamma manaja ya kira ni, karo na farko da ya neme ni da kansa. Ya ce na kunyata shi gaban baƙi, za a turo mai gyara idan aiki ya lafa, kuma in ya ji maganar nan a waje, na san sauran.

Washegari na zagaya bayan katanga da sanda a hannu. Gaskiya ba za ta yi mini amfani ba. In na ce wa matan hatsari ne, za su ce komai na Allah ne su ci gaba da sheƙarsu, kuma kafin la'asar zancen ya kai kasuwar Kura. Don haka na ɗaure fuska na ce kamfani ya hana, duk wadda aka sake gani za a haɗa ta da 'yan sanda. Na yi fatali da kwanon wata. Suka watse suna Allah ya isa. Gwaggo ce kaɗai ba ta motsa ba.

Ta ce, "Har da ni, ɗan nan? Ni da na goya ka?"

Na ce har da ita. Ta dube ni ta ƙara dubawa, ta kakkaɓe faifanta, ta juye ɗan tsakin da ta tara a gaban ƙafata, ta tafi. Har ranin ya fita ba ta amsa gaisuwata ba.

Na koma ciki na ɗura ɓuntu, wuta ta kama, na tsaya gaban agogo. Babu sauran kowa a bayan katanga. A ranar tsoron ya fi kama ni, don sai a lokacin na samu sararin tuna cewa ni ma na baro yara a gida.