Bindigar Bahago

Ranar da takardar izinin riƙe bindiga ta fito, kasa cin abincin rana na yi. A kamfanin robar da nake aiki a Sharada sai da na zaga inji-inji ina nuna ta, har ga waɗanda ba ma ga maciji da juna. Ina tashi daga aikin safe na hau babur sai Panshekara, na ɗauko Baba.

Gonarmu ta shinkafa tana bakin kogin Challawa, kuma gafiyoyi sun mayar da ita gidan biki. Baba ne ke tsaronta da tsohuwar bindigarsa ta toka, har idonsa ya yi rauni. Ya riga ya faɗa: in ban iya harbi bana ba, zai ba da gonar aro. Ni kuwa a cikinta na yi wayo, ba na son ta fita hannunmu.

Mai sayar da bindigogin wani Alhaji ne a Bompai, da tulin yashi a bayan shagonsa don gwaji. Na ce masa ƙarama nake so, mai siririn harsashi, mai ɗana kanta bayan kowane harbi, wadda kuma kuɗinta ba zai karya ma'aikacin roba ba. Ya fito da biyu. Ɗaya baƙa wuluk tana sheƙi, ɗayar tsohuwar hannu, ƙotarta duk a ƙarje. Tsohuwar ko kallo ba ta ishe ni ba. Na rungumi baƙar.

To, ni bahago ne. Ina yaro Baba ya sha ɗaure mini hannun hagu da tsumma a bakin akushi, har na koyi ci da rubutu da dama. A gabansa ban taɓa yarda na ɗauki ko tsinke da hagu ba. Don haka na kafa bindigar a kafaɗar dama, na saita gwangwanin madara, na ja kunama. Yashi ya tashi can gefe. Na sake, na kuma sakewa. Gwangwani na zaune lafiya lau, ko gezau.

Baba ba ya ganin gwangwanin, amma yana da kunne.

"Ban ji ƙarar ƙarfe ba," in ji shi.

Na sake ɗaga bindigar, sai Baba ya dakatar da ni.

"Mayar da ita ɗaya kafaɗar."

"Baba, ta hagu kuke nufi?"

"Kana da ta uku ne?"

Na mayar. Harbin farko gwangwani ya yi sama. Sai dai baƙar ta dama take tofar da kwanson harsashi, ga fuskata a wajen. Kwanso mai zafi ya faɗa cikin wuyan rigata, na hau rawar da ba kiɗa. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya miƙo tsohuwar.

"Wannan ta ƙasa take zubarwa, Malam. Ba ruwanta da dama ko hagu."

Na karɓe ta ba da son raina ba. Amma tana hawa kafaɗata ta zauna daram. Na bi gwangwanin nan ina kora shi, ƙarar na bin ƙarar, har ya haye tulin yashi. Daɗi ya cika ni, na ji kamar in yi ihu duk Bompai ta ji.

Da muka fito na tsaya ɗaure akwatin bindigar a bayan babur. Baba ya lalubo hannuna na hagu, ya riƙe wuyan hannun, daidai inda tsumma ke zama a da. Ya jima yana murza shi da babban yatsa.

"Gobe da yamma ka same ni a gona," in ji shi. "Ka zo da wannan hannun."