Dalar da aka ɗaura wa Baba a cibiya

Babanmu masunci ne a tafkin Madarumfa, siriri kamar gorar tuƙa jirgi. Sai ga ciki ya soma tasowa, shi kuwa yana ramewa. A gidan likita suka ce hanta ce ta ƙandare, ruwa ke taruwa. To, ina hanta ina ruwa? Har yau ban gane ba.

Daga baya cibiyarsa ta turo waje, tana sheƙi. Lokotoro, wato likitan, ya ce hanji ne ke leƙowa, aiki yake so, amma aikin na da haɗari sai an rage ruwan. A yi, kar a yi? Ni dai na dawo gida kaina na juyawa.

Gwaggo, yayar Baba, ta ce, “Wannan ne ciwo? Duk jinjirin gidan nan mai cibiya ni na mayar masa da ita.” Ta ɗauko tsohuwar dala ta ƙarfe, ta danna a kan cibiyar, ta ɗaure tamau da tsumma. Baba ya yi dariya ya ce, “Yaya, kin mayar da ni jariri.”

Ƙarfen ya yi ta cin fata a ƙarƙashin tsumma, ba wanda ya duba. Wata safiya muka tarar da tabarma sharkaf, ruwa rawaya na tsiyaya, ciki ya faɗa. Wallahi murna muka yi! Gwaggo har da guɗa. Baba ya sha fura, yana maganar komawa tafki.

Ni na kai shi Maraɗi da ya fara rawar sanyi, ina ɗokin lokotoro ya ga sauƙin da aka samu. Da lokotoron ya kwance tsumman, sai fuskarsa ta canza. “Tun yaushe yake zuba?” Ya ce ƙofar da ruwa ya fita, ta nan cuta ta shiga. Na ce, “Ba ruwan kuke so ya ragu ba?” Ya ce ba ta haka ba. Ya sa mini dalar a tafin hannu.

Baba bai dawo gida da ƙafarsa ba.

Bara na haihu, yaron da 'yar cibiyarsa a waje. Gwaggo, idonta ya yi rauni yanzu, ta lalubo cikinsa ta ce, “Ɗiyata, miƙo dalar nan ta ubanki.” Tana ƙulle a bakin zanena. Na ce mata ta ɓace.