Ranar da Na Shiga Ruwa da Atamfata

Duk shekara, da zafin Agusta ya kankama, mu iyalan Hausawa mazauna ƙasar waje, na garuruwan Hyattsville da Laurel, mukan jera motoci mu tafi bakin ruwan Chesapeake, can kusa da doguwar gada. Ruwa ne mai haƙuri, ba ya tashin hankali. Yaro zai yi ta tafiya a ciki bai wuce masa cibiya ba. Ga inuwa, ga lilo, ga wurin gasa nama. In za mu koma gida mukan biya ta Annapolis, yara su sha askirim su ƙirga jiragen ruwa.

Akwai kuma wani tsari da ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Maza suna gun gawayi, suna juya tsire suna gyara Najeriya da musu. Yara suna cikin ruwa. Mu mata muna kan tabarmi, mun juya wa ruwan baya, muna gadin kuloli sai ka ce wani zai sace mana dambu. Shekara shida ina zuwa, ko ɗan yatsana ban jiƙa ba. Ni kuwa 'yar Yauri ce, na iya ninƙaya tun kafin in iya ɗaura zane.

Shekarar da babbar 'yata ta cika sha ɗaya, na saya mata kayan wanka masu dogon hannu da wando har idon sawu. Muna isa ƙannenta suka ruga ruwa. Ita kuwa ta zauna kusa da ni, ta ɗauki cokali ta fara zuba wa mutane shinkafa.

Na ce, "Ke fa?"

Ta amsa da Turanci, wai ta girma. Wai ta lura manyan mata ba sa shiga.

Wata Hajiya daga Laurel, wadda ta riga mu duka zuwa ƙasar, kuma ba a tsallake maganarta, ta ce, "Madalla, yarinya ta yi hankali. Allah ya yi miki albarka."

Raina ya ɓaci sosai, kuma ba da Hajiya ba. Yarinyar nan tun bazara take ƙirga kwanakin zuwa wurin nan. Ba wanda ya hana ta. Zamana ta kalla shekara shida, ta ɗauki darasi. In na bar ta ta wuni a kan tabarmar nan, shi ke nan, ta zauna ke nan har abada.

Na miƙe, na ƙara tamke ɗankwalina, na ɗaure mayafi a ƙugu.

"Maman yara, ina zuwa?"

"Ruwa, Hajiya."

"Da girmanki? Ga maza can fa."

"Hajiya, a rufe nake ruf, daga wuya har ƙafa. In akwai abin da ya hana, a faɗa mini in ji."

Na wuce ta gaban masu tsire, kaina a sama. Mijina ya dube ni da kyau, ya ci gaba da juya tsirensa.

Ruwan da ɗumi, ƙasansa laka. Atamfata ta kumbura kamar lema, sannan ta jiƙe ta yi nauyi. Da ya kai mini ƙirji na saki jiki. Hannuwana ba su manta ba, numfashina ne ya tona mini asirin shekaru. Na waiga. 'Yata tana nan kan tabarma, cokali a hannu. Ban kira ta ba, amma na ƙudurta ko rana za ta faɗi ba zan fito ba.

Can sai ga ta, tana takowa a hankali, har ruwa ya kai mata ƙugu.

"Umma, kowa fa ke yake kallo."

"Na sani. Su kalla, ba kuɗi za su biya ba. Juyo ki kwanta a hannuna."

Ta kwanta rigingine a kan tafukana, jikinta a sandare, idonta na neman tabarmi. Na ce ta bar su, ta dubi sama. A hankali ta saki wuya, ta saki ƙafafu. Na zare hannuwana daga ƙarƙashinta, ba ta ma sani ba.