Lambar 'Yar Fari

Har yau idan na tuna shirin tafiyarmu Makka, rairayin hanyar Gazawa nake fara tunawa, da yadda ƙafafuna suka kumbura tun ba mu bar ƙasarmu ba. A shekarun da Nasara suka miƙa mulki ne. Maigidana ya sayar da gyaɗarsa da shanunsa, ya ce ta mota za mu bi, ta Chadi da Sudan. Kowa ya san mai bin wannan hanya yakan yi shekaru kafin ya dawo, in ya dawo ke nan.

Ba a tsallake iyaka sai da takardar lamba, wato rigakafin agana da shawara. A Maraɗi ana yi, amma da kuɗin mota da na masauki da na takardar, guzurinmu zai ji jiki. Maigidana kuwa mutum ne da ko kunu ya zube masa sai ya yi kwana biyu yana jimami. Da ya ji cewa masu lamba na gwamnati suna zagaya kasuwanni suna yi kyauta, sai ya ce Allah ya kawo sauƙi. Sauƙin nan a ƙafa muka neme shi.

Mu huɗu muka tafi Gazawa: ni, da shi, da 'yarmu, da uwarsa, wadda nake kira Inna. Ba da Inna za a yi tafiyar Makka ba, ƙarfinta ya ƙare. Rakiyar jikarta ta zo. Yarinyar 'yar farina ce, tun da aka yaye ta a ɗakin Inna take kwana. Ni ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, haka muka tarar ana yi. Sai dai in tana wasa a tsakar gida in riƙa satar kallonta ina tankaɗe.

Muka wuni a layi. Lokotoro, wato likita, ya tsaga mana damtse, ya ɗiga magani mai danƙo kamar ƙaro, ya ce a zauna a inuwa har ya bushe, kada a taɓa. Takarda kuma sai ya ga lambar ta kama, ranar kasuwar Agye.

Tawa ta kama, ta maigidana ta kama har ya kwanta yana nishi yana barin wasiyya. Hannun yarinya kuwa sumul. Muka sake taka rairayi zuwa Agye. Lokotoro ya juya hannun, ya dube mu.

"Wagga an goge ta da lemun tsami," in ji shi. "Na san aikinku. Kasuwar Gangara ce ta ƙarshe, daga nan mun koma Maraɗi."

Babu wanda ya dubi Inna, babu kuma wanda bai gane ba. Maigidana ba zai iya yi wa uwarsa faɗa ba. A hanyar gida ya ce, yana kallon ƙasa, in ba ta kama ba a Gangara sai yarinya ta zauna wurin kakarta, dama can nan ne wurinta. Haushin Inna ya cika ni, ga shi al'ada ba ta ba ni bakin magana a kan 'yar fari ba.

Ranar Gangara na tashi a gajiye, na gaji da tafiya, na gaji da yin shiru. Muna layi maigidana ya tafi neman ruwa. Inna tana riƙe da yarinya, ta yi magana ba ta juyo ba.

"Ke, ni na san ba ni ganin dawowarku. Shi ya sa. Amma ke ban taɓa jin bakinki ba. Kina son a tahi da ita?"

Kunya ta rufe ni. Ban san inda na samo ƙarfin ba, na ce, "Inna, ɗiyata ce. Ba ni iya tahiya in bar ta."

Da layi ya zo kanmu Inna da kanta ta miƙa hannun yarinya. Ta kai ta gindin wani gawo, ta ɗora ta a cinya, ta riƙe hannun sama tana fifita shi da gefen mayafinta, tana korar ƙuda, har maganin ya bushe.

Lambar ta kama, ta yi ruwa, yarinya ta yi zazzaɓi. Inna ce ta yi jinyarta. Ran da lokotoro ya biyo ta Gazawa a hanyarsa ta komawa ya buga mana hatimi, maigidana ya yi ta hamdala, ba mu kashe komai ba. Ni ma na gode wa Allah, har yau ina gode masa. Amma na san wadda ta biya.

Da safen da za mu tashi, Inna ta yi wa yarinya wanka, ta yi mata kitso, ta kawo ta har ƙofar ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ga ɗiyarki," ta ce. "Ba ta son fura da tsami. In ta yi kuka da dare, bayanta ake shafawa."

Sai a lokacin na gane ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Inna ta koma ɗakinta ta saki asabari, ba ta fito rakiya ba. Muna Sudan labarin rasuwarta ya iske mu.