Mai Sake Wa Sandunan Golf Ƙota

A ƙofar wani gida a Maska, inda motarmu ta lalace, wani dattijo yana zaune gaban garwashi. Farar rigarsa mai maɓallan tagulla irin ta kukun Turawa ce, ta sha jiki. Ina jin wani Baturen auduga ya yi wa aiki a Funtuwa, da zai tafi ya bar masa sandunansa na wasan golf.

Yana gasa wuyan kowace sanda, ya murɗe kan ƙarfen, ya yar da dogon jikin. Sai ya huda guntuwar ƙotar marke da ƙarfen da ya yi ja a wuta, ya cusa kan a ciki kamar yadda ake yi wa fartanya. Rediyon zaure yana ta maganar sojoji, kamar kullum tun juyin mulki.

Na ce, "Baba, ai ƙotar ta yi gajarta, ba za ta kai ƙasa ba."

Bai ɗago ba ya ce, "Wa ya ce maka ƙwallo za ta buga?"

Ga shi nan ya miƙe yana gwada ta a iska, daidai tsayin kan mutum.