Takardar da Yaya Ta Jefa Kwando

Yayata, wadda nake bi, ta yi rabin rayuwarta tana buga takardu a ofis ɗaya. Tsaf-tsaf suke ce mata, don ba a taɓa ganin alamar gogewa a aikinta ba. Harafi ɗaya ya kauce, sai ta zare takardar daga tafireta ta yaga, ta saka sabuwa. A gida muna tsokanarta cewa ko atishawa ta yi ba daidai ba, sai ta sake.

Sai aka kawo kwamfutoci da sabon shugaba. Ya ce duk wanda bai kawo difloma ba kafin shekara ta ƙare, ya kama hanyar gida. Yaya ta shiga kwaleji, ajin yamma, ta zauna a bencin gaba da tabarau a karan hanci, tsakanin sa'o'in 'ya'yanta. Duk darussan sun bi ta lami lafiya, ban da aljabra, kuma sai an ci ta ake ba da shaida.

Ta ce min haruffa sun ci amanarta. Shekara da shekaru tana buga x bai taɓa ɓoye mata komai ba, yanzu wai ita ce za ta nemo abin da ya haɗiye. Amma ta dage. Ta gane yadda lamba ke sauya alama in ta tsallaka ɗaya gefen, ta iya buɗe baka-biyu. Malamin kullum yana cewa a nuna hanyar da aka bi, don a kan matakai yake ba da maki. Yaya tana nunawa kuwa, sai dai a gida take yin ƙazamin aikin, sannan ta kwafe shi fes a sabon shafi.

Ranar jarrabawa babu wannan sararin. Ta cika takardar gwaji da lissafi, nan karce, can gogewa. Ko da ta ɗago za ta fara kwafewa, an ce saura kaɗan a tashi. Sai ta jera amsoshin kawai, kowace a layinta. Mai sa ido ya ga abin da ke faruwa, ya ce ta haɗa da takardar gwajin, ana karɓa.

"Wannan ƙazantar zan miƙa wa mutum, ɗana?" in ji Yaya. Ta duƙunƙune ta, ta jefa kwandon shara.

Ta faɗi. Da ta je wurin malamin, ya nuna mata: yawancin amsoshin alamar ragi ce kawai ta kuɓuce mata a ƙarshe. Da ya ga hanyar, da ta haye. Shi kuma ba ya ba da maki a kan abin da bai gani ba. Ya ce ta sake baɗi.

Ofis bai san baɗi ba. Ta roƙi shugaba ya ɗaga mata ƙafa, ya ce doka doka ce, idonsa na kan waya.

Yanzu tana zama a shagon surukinta, tana miƙa wa masu sayayya leda. Na je rannan, na ce ai an buɗe rajista, ta koma mana, tunda ta riga ta iya.



"Na iya, ƙanena," ta ce. "In na samo shaidar, in kai wa wa?"