Shafin da na yage daga littafin Hadiza

Shekara tara ke nan da muka binne Hadiza a Karofane, kuma har yau shafi guda na littafinta yana hannuna. Ni na yage shi.

Ɗiyar farin kawuna ce, aka ba Inna, mahaifiyata, riƙonta tun daga yaye. Inna, Allah ya gafarta mata, hannunta ya fi bakinta sauri, igiyar guga ce bulalarta. Ran da akuya ta ɓarar da gari, Inna ta zaro muciya daga tukunyar tuwo ta manna wa Hadiza a baya, fata ta biyo muciyar. Bayan kwana biyu mahaifiyarta ta zo, ta ga ciwon, ta kau da kai ta hau tambayar damina. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko kiran sunan yarinyar.

Hadiza ta girma ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Bouza, tana rubuta wa yara labarai. Ɗaya na wata 'yar riƙo ne, amma ba irin ta tatsuniya ba, mai haƙuri har a saka mata da alheri. Tata tana ɓoye tuwo cikin zane, tana zabga ƙarya, ta ciji yaro har jini, ta karya ƙafar ɗan akuya da taɓarya. Na ce mata wannan ba labarin yara ba ne, ta gyara shi.

Ta ce, "Yaya, mi zan gyara? Ni na karya ƙahwar nan, ka manta?"

Yau jikokina suna kawo littattafai masu hotuna daga lakwal. Da Hadiza tana nan, na san shafin ƙarshe za ta fara buɗewa, ta ga marainiya tana murmushi, ta yi tsaki. Ita kanta ba ta taɓa dukan ɗalibi ba, amma har ta rasu in an ɗaga hannu kusa da ita sai ta kare kanta.

Tana kwance asibiti na yage shafin. Ta lura, ta rufe littafin ta ajiye, abin da ya fi duka zafi. A shafin akwai ɗan gidan, wanda ya zauna bisa ƙafafun yarinyar ran muciya. Ta rubuta cewa ya danne ta da ƙarfi don uwarsa ta yaba masa.

Labarinta shi ne abin da ta bari, ga shi yanzu na mayar masa da shafinsa. Kuma Inna ta yaba mini a ranar.